Tarkon Wuya da Tarkon Ƙafa

Zomaye tara na karɓa daga hannun wani tsoho mutumin Sikotlan, ban ci ko ƙafar ɗaya ba, amma duk taran sai da na ce masa sun yi daɗi. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka ni ce mutuniyar kirki a labarin.

Shekarar da Baba ya zauna a wurina a Dagenham, a gabashin Landan, ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye a gida, ƙannena suka yi taro ba da ni ba, suka yanke cewa tunda ni ke zaune a inda likitoci suka yi yawa, ni zan ɗauke shi. Ƙafa ta dawo da wuri. Baki ma ya miƙe, har ya fi da kaifi. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe ciki, babban ya kwanta a tafi kamar mai ɓoye kwabo. Baba ya sama masa mazauni a aljihun riga, ba ya fitowa sai lokacin alwala.

Baba ya daɗe yana hedimasta, da hannun nan ya zane rabin manyan garinmu. Amma ba rubutu ko bulala yake kewa ba, abinci ne matsalar. Tun da aka yaye shi bai taɓa kai hagu baki ba, yara nawa ya buge wa hannu a kan haka. Malamai suka yi ta gaya masa a waya cewa lalura ce, Allah ba zai kama shi ba. Ya ce ya sani, shi ya koyar da wasunsu karatu. Ba zai ci da hagu a gaban mutum ba, ba kuma zai buɗe baki 'yar cikinsa ta ɗura masa da cokali ba. Sai dai in ajiye tire a ƙofar ɗakinsa, in ƙwanƙwasa, in bar wurin. Ya jawo, ya rufe ƙofa. Tiren ya dawo da fiye da rabi. Ina kallon wuyan rigarsa yana ƙara faɗi mako bayan mako, tsoro yana cina, ba ni da wanda zan gaya wa sai ƙannen da suka riga suka sauke nauyi.

Likitar gashin ƙashi ta ba shi jan ƙwallon roba ya riƙa matsawa, da wake a kwano ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya yana zubawa a wani kwanon. Ta ce in ba a motsa yatsun a watannin nan ba, haka za su ƙage. Baba ya saurare ta da ladabi, ya yi mata godiya da Turancin da ya fi nata kyau. Tana fita ya ce da ni, "Ke, dafa waken nan. Ƙwallon kuma ki kai wa masu yara."

Ni ce 'yar fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni tun ina goye, har na yi furfura ban samu ƙarin girma ba.

To, ina da gona a Landan. In na faɗi haka a waya 'yan gida sukan yi shiru na girmamawa, ni kuma ba na gyara musu. Ɗan fili ne da council, wato hukumar unguwa, ke ba haya a bayan layin dogo, wanda a garinmu ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta kai ƙara. Ina shuka alayyahu da kabeji da albasa, da kuɓewa wadda ba ta taɓa yafe mini sanyin ƙasar nan ba. Kwana biyar ina ofis a Aldwych ina tura takardun ɗalibai daga wannan tebur zuwa wancan, ranar Asabar in zo in durƙusa in yi wa tattabarun daji noma. Ƙattai ne masu farin tabo a wuya, ba sa gudu. In ka kore su sai su koma kan shinge su jira ka gaji.

Mai filin da ke jikin nawa shi ne tsohon da na ambata. Dogo ne, ja, mai manyan kunnuwa da hular ulu wadda ban taɓa ganin ya cire ba. Ya baro ƙauyensu yana saurayi, ya yi aiki a masana'antar motoci har ta sallame su, matarsa ta rasu, ya ci gaba da zama. Duk daɗewarsa a Landan harshensa bai goge ba. Wata ukun farko gyaɗa kai kawai nake yi in yana magana, na amince da abubuwa da yawa da har yau ban san ko mene ne ba.

Wata Asabar ya leƙo ya ga yadda aka mayar mini da kabeji rariya. Ya girgiza kai ya ce a garinsu da tuni an yi "girn" ɗin ɓarayin nan. Kalmar ta fito da ra mai kaɗawa irin ta Bahaushe, ina jin shi ya sa ta zauna mini. Na ce mene ne haka? Ya zaro wata siririyar waya daga aljihu, an yi mata zarge a baki ɗaya. Ya ce wannan sunanta girn, aikin da ake yi da ita ma girn ne. Ya zura yatsa ya ja, zargen ya shaƙe yatsan. Daga nan ya jingina da shebur, na san aikina na ranar ya ƙare.

Ya ce suna yara da waya suke kama zomo, a kafa ta a kan hanyarsa daidai tsayin kai. Lokacin ƙanƙara kuma da gashin jelar doki suke kama tsuntsaye. Da rani, in ruwa ya ja baya, sai yaro ya kwanta rub da ciki a bakin rafi, ya ɗaura zargen gashi a kan sanda, ya lallaɓa shi ta jelar kifi a hankali har ya kai tsakiya, sannan ya fizge. Kakarsa, in yarinya ta samu miji mai shanu, sai ta ce ta yi girn ɗinsa. Limamin cocinsu kuwa duk Lahadi sai ya gaya musu Shaiɗan yana nan yana girn ɗin rayukansu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu, in ji shi, ko a ƙauyen nasu yara ba su san kalmar ba. A filayenmu ba ya kafa waya, saboda matar da ke shugabantar kwamitin filayen tana da ido har a ƙeya. Amma yana da aboki manomi a can bayan gari wanda zomaye suka dama, shi ke ba shi izini.

Ranar ce na yi kuskuren gaya masa mahaifina ba ya cin abinci. Ban san me ya sa ba. Wataƙila don na ga ba zai kira Kano ya ba da labari ba.

Asabar ta gaba ya tare ni da wani abu naɗe a jarida. Zomo ne, ƙato, da sauran taushinsa. "Na mahaifinki ne, lass," in ji shi, haka yake kirana, wato yarinya. "A garinmu romon zomo ke tayar da mara lafiya."

Na duba wuyan. Ga shatin waya, babu na wuƙa. An shaƙe shi ne, mushe ne, ba mu da abin yi da shi. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma mutumin yana tsaye, gwiwoyin wandonsa sharkaf da taɓo, yana kallona kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Ni kuma an rene ni a gidan da mayar da kyauta ya fi zagi. Bakina ya ce na gode kafin ya yi shawara da ni.

Jefarwa ban iya ba. Sai na tuna ƙawata nas, 'yar Filato, Kirista, da ke zaune a Peckham. Na sa zomo a leda uku, na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na canja zuwa na sama, Overground, wani karen wata Baturiya yana shinshina jakata tun daga tashar farko, uwargijiyarsa tana ba ni haƙuri tana cewa bai saba yin haka ba. Ƙawata ta buɗe leda ta yi guɗa. Da na ba ta labari ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Ke dai Allah ya ƙaro miki irin wannan problem ɗin," ta ce. "Kada ki kuskura ki yi explaining komai. Ki bar bawan Allah ya samu lada."

Haka aka shiga. Duk Asabar zomo, duk Asabar Peckham. Tsohon kuma ba ya barin magana a "ya yi daɗi", sai ya ji yadda aka dafa da abin da mara lafiya ya ce. Sai na riƙa kwaso bayanin ƙawata ina liƙa wa Baba. Ta ce na wannan makon ya yi tauri, na ce Baba ya ce ya yi tauri. Ta ce ta fi son cinya, Baba ya zama mai son cinya. Cikin wata biyu, mutumin da ke ɗaki yana tura tuwo gefe da hagu ya zama masanin zomo bai sani ba, har tsohon yana zaɓo masa matasa masu ƙiba.

Asirina ya tonu ne ta hanyar wayona. Likitar ta ce a riƙa fitar da Baba yana shan iska. Na ɗauki hutu ranar Laraba na kai shi gona, a lissafina tsohon sai Asabar yake zuwa, tunda ni sai Asabar nake ganinsa. Ban yi tunanin cewa mutumin da ya yi ritaya, ba mata ba 'ya'ya a kusa, kullum Asabar ce a wurinsa ba.

Yana hango mu ya yar da shebur ya taho da hannu a miƙe. Hannun Baba yana aljihu, can ya zauna. Baba ya ɗan sunkuyar da kai kawai. Hannun tsohon ya tsaya a iska, sannan ya koma ya goga shi a wando. Ya shiga zuba magana. Baba ya saurara, ya juyo gare ni.

"Ke, wane yare yake yi?"

"Turanci ne, Baba."

"Ba wanda na koyar ba."

Amma tambayar da ta biyo baya ta fito tar, ko kurma ya ji ta. Tsohon ya ce, to yaya zomayen, na makon jiya ya fi taushi ko?

Baba ya dube ni. Irin kallon ne da ya sa ƙattan 'yan aji bakwai suka riƙa tona kansu tun ba a tambaye su ba. Na faɗa masa komai da Hausa, a gurguje, ina roƙonsa da ido ya rufa mini asiri. Ya ce tsohon ya nuna masa abin da yake kamun da shi. Tsohon ya ba shi wayar yana cewa sunanta girn, Baba ya juya ta da hagu, ya zura yatsa ya ja. Sannan da Turancinsa na gaban allo, kalma bayan kalma, ya ce, "Abokina, ban ci ko ɗaya ba. Ban ma san da su ba sai yanzu. Mu ba ma cin abin da aka shaƙe, sai wanda aka yanka da ransa. Ya kamata a ce an gaya maka tun ranar farko."

Fuskar tsohon ta ƙara ja har kunnuwa. Bai dubi Baba ba, ni ya duba. "Tara, lass," ya ce. Sai a lokacin na tuna yadda yake dafa shinge kafin ya miƙe, da cewa motar haya biyu yake shiga kafin ya kai gonar abokinsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan, kuma na cancanta.

Da Baba ya tsaya nan da an rabu cikin mutunci. Amma hedimasta bai taɓa ganin aikin wani ya bar shi ba gyara ba. Ya ɗaga wayar ya ce wannan ai ba tarko ba ne, rataya ce. Tarkon gaske ƙafa yake kamawa, ya bar wuya ga wuƙa. Ya ce a ƙauyensu akwai abin da ake kira asuta: a samo izgar doki, a murza sili biyu, a yi ƙananan zarge a jera su a jikin igiya, a binne igiyar, a watsa gero. Tsuntsu yana tsattsaga, ƙafarsa ta shiga. Ka zo ka same shi da ransa yana zaginka.

Na saki baki. Ni na san Baba da safa da alƙalami uku a aljihun gaba. Na ɗauka da su aka haife shi.

"Kafin a kama ni a kai ni makaranta," ya ce da ni da Hausa, "duk ƙauyen babu yaron da ya kai ni."

Tsohon yana cikin fushi, ba shi da niyyar tausaya wa kowa. Ya warware zaren ɗaure tumatir, ya zaro sili biyu ya miƙa. "Nuna mini."

Baba ya fito da hannun. Karo na farko ke nan da na ga ya fito da shi a gaban baƙo. Ya ɗora zaren tsakanin babban yatsa da manuni, zaren ya faɗi. Na ɗauko. Ya sake faɗuwa. A na uku ban ɗauko ba.

"To," in ji tsohon, "da baki dai ka kama tsuntsaye da yawa."

Baba ya mayar da hannu aljihu ya ce mu tafi. Ranar tire ya dawo ba a taɓa shi ba. Na zauna a kicin ina tsine wa zomaye da Sikotlan da bakina, na tabbata na ƙarasa mahaifina da kunyata ta banza.

Da safe ya fito falo da tabarau a hanci. Ya ce in nemo masa kalmar nan ta mutumin a ƙamus, yana so ya san da wa yake faɗa. Na nemo a waya, na ƙara girman rubutu. Ashe tsohon bai yi ƙari ba. Kalmar ta daɗe a rubuce, tun ƙarnoni da suka wuce, ga ta a kan zomo da tsuntsu da kifi, ga ta a bakin masu wa'azi a kan zunubi da yaudara. Har aka ce a tsohon Turancin Ingila ma akwai ta, sai dai haruffa biyu na tsakiya sun yi musayar wuri. Baba ya cire tabarau cikin nasara.

"Na faɗa. Turanci suka samu suka karya masa wuya, kamar zomayensu." Ya mayar mini da wayata. "Ke, ina ake samun izga a garin nan?"

Ni ina na san doki a Landan? Gashi dai na san inda yake. Na koma Peckham, na shiga ɗaya daga shagunan Rye Lane inda gashi ke rataye tun daga rufi har ƙasa. Mai shagon ta tambaye ni wace kala, wane tsayi, na biki ne ko na aiki. Na ce na mahaifina ne. Ta dube ni, ta ce ba komai, Landan ce. Na sayo na roba da wanda aka ce na mutum ne. Na roban santsi gare shi, ba ya riƙe ƙulli. Na biyun kuwa Baba ya tambaya na wane ne, na ce ban sani ba, ya ce a'uzubillahi, in fitar masa da kan mutane daga ɗaki.

Asabar biyu tsohon bai ce mini ko sannu ba. A ta biyun na tsaya a bakin shinge na yi magana da bayansa. Na ba shi haƙuri, na gaya masa inda zomayen suka tafi, na gaya masa zancen tire da ƙofa da hagu, har da gashin Peckham. Bai juyo ba, ya ci gaba da tonon dankalinsa.

Ranar Lahadi bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, da wani siririn abu naɗe a tawul. Ya wuce ni kamar ni ce labule, ya ajiye a kan tebur a gaban Baba. Sandar goge ce ta Turawa, farin gashi a miƙe daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce ta mahaifinsa ce, rabonsa da taɓa ta tun rasuwar matarsa. Ya zaro 'yar wuƙa ya yanke gashin daga tushe, ya ce a wanke ƙaron da ke jiki da ruwan ɗumi. Jelar ingarma ce, in ji shi, babu wadda ta fi ta.

Baba ya taɓa dakatar da wani malami don an gan shi a wurin goge. Ya dubi gashin ya dube ni.

"Na goge ne?"

"Na goge ne, Baba."

Ya shafa shi da hagu. "Dokin dai bai san inda za a kai jelarsa ba. Wanko."

Daga nan na rasa mahaifi da maƙwabci gaba ɗaya. Kullum da hantsi tsohon zai zo ya ɗauki Baba su tafi 'yar rumfar katakon da ke filinsa. Murza izga ba ta yiwuwa da hannu ɗaya, dole hagu ta riƙe dama ta murza. Zargen farko kwana huɗu ya ci. In izga ta suɓuce tsohon ya yi ashar, Baba ya gyara masa nahawun ashar ɗin. Tsohon ba ya taya shi, ko sau ɗaya, sai dai ya zauna yana yin nasa irin na ƙauyensu yana cewa ya ga yara 'yan shekara shida da suka fi wannan sauri. Da aka jera nasu su biyun sai ga shi kusan abu ɗaya ne, suka kwashe mako suna gardamar wa ya sata a wurin wa. Baba ya fara cewa "girn" da ra ɗinsa ta Kano, tsohon ya fara cewa "asuta" kamar mai atishawa.

Da muka koma asibiti likitar ta lanƙwasa yatsun ta miƙe su, ta yi murna, ta tambaya ko yana amfani da ƙwallon. Baba ya ce, "I exercise daily, madam." Na dube shi, ya dubi rufin ɗakin. Ashe ƙarya ma akwai ta masu ilimi, wadda ba a kama ta.

Amma tire yana nan a ƙofa. Yatsu suna murza izga, ba su kai ga tuwo ba, ko kuma sun kai a bayan ƙofa ba na gani. Ban tambaya ba.

Doka ta hana kama tsuntsu ta wannan hanya a ƙasar nan. Na sani yanzu, na kuma sani a lokacin. Sau ɗaya muka yi, in matar kwamiti ta koyi Hausa ta zo mu zauna. Suka binne asuta a tsakanin kabejina, aka watsa geron da na sayo don kunu. Kwana uku tattabaru suna cinye geron suna tafiya a ƙoshe, tsohon yana yi wa fasahar Afirka kirari. Ranar Asabar da safe, ina tsugune ina cire ciyawa, na ji fuka-fuki suna dukan ƙasa. Wani ƙato ne, ƙafa ɗaya a zarge, lafiyarsa ƙalau, ransa a ɓace.

Tsohon ya rufe shi da hannuwa biyu ya kai bayan rumfa. Baba ya ce in duba masa alƙibla a waya. Na miƙa masa wuƙar ta wajen hagu, don na saba. Ya ƙi karɓa, ya tsaya yana kallona har na gane, na mayar ta dama. Yatsun suka naɗe ƙotar a hankali. Hannun yana rawa, na ga tsohon ya ga rawar, ya ƙara danne fuka-fukan. Baba ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya. Tsohon ya cire hularsa, ashe sanƙo ne da shi.

Tattabara ɗaya ba ta cika tukunya, sai na yi miyar alayyahu na tuƙa tuwon shinkafa. Tsohon yana falo. Na zuba masa nasa a faranti da cokali mai yatsu, na jera na Baba a tire kamar kullum, na nufi ƙofar ɗakinsa.

"Ke, ina za ki kai?" in ji Baba. "Baƙon nawa shi kaɗai zai ci? Juye a kwano ɗaya. Ɗauke masa ƙarfen nan."

Na juye. Suka wanke hannu, suka zauna a tebur, don gwiwar tsohon ba ta san tabarma ba. Shi ya fara, ya yago nama ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Baba ya tambaye shi yaya.

"Kamar takalmi," ya ce. Ya waiwayo ya dube ni. "Kin ga yadda ake yi, lass? Ba wuya."

Baba ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun a gida. Sannan ya ɗaga hannun dama ya sa a kwano. Ya gutsuro tuwo, yatsun suka ƙi haɗuwa sosai, ya dangwali miya, ya taso. A rabin hanya lomar ta rabu, rabi ya faɗo a gaban farar rigarsa. Na yunƙura zan kawo tsumma. Tsohon ya juya kai wajen taga ya ce da alama za a yi ruwa, dankalinsa yana so. Baba ya kai sauran rabin baki. Ya sake mayar da hannu.

Na shiga kicin na buɗe famfo don kada su ji ni. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, ina jin ƙarar kwano da gardama a kan ko za a yi ruwan.

"Ke!"

Na share fuska na leƙo. Kwano wayam, riga ta ɓaci da miya tun daga wuya. Ya ɗago mini hannun, man ja har wuyan hannu.

"Akwai sauran tuwon?"